Ungozoma da Likita: Masu Tsaron Zuciyar Mai Juna Biyu

A ɗakin awon ciki na unguwa kamar Lugbe, da ke kan hanyar filin jirgin saman Abuja, kusan kowace mace za ta ce tana haki, ƙafarta ta kumbura. Gwanintar ungozoma ita ce ta tsamo wadda hakinta ba na ciki ba ne, na zuciya ne.

Ciki yana ƙara jinin jikin mace da kusan rabi, kuma zuciya ce ke ɗaukar nauyin. Shi ya sa gogaggiyar ungozoma ba ta tsayawa a gwajin hawan jini. Sai ta tambaya: "Hajiya, da matashi nawa kike kwana? Tari yana tashinki cikin dare?" Ta ƙirga bugun jijiya, ta dubi jijiyar wuya. Da ta ji numfashi yana sarƙewa in an kwanta rigingine, ba ta jiran awo na gaba. Takarda za ta rubuta zuwa babban asibiti, kamar Asibitin Ƙasa ko asibitin koyarwa na Gwagwalada.

Can likitan zuciya zai ɗauki hoton zuciyar, ya zauna da likitan mata su sauya duk maganin da zai cutar da jariri, su tsara yadda haihuwa za ta kasance. Ranar naƙuda aikin ya dawo hannun ungozoma: ta jingina mace ko ta kwantar da ita ta gefen hagu, ta lura da yawan ruwan da ake ƙara mata, ta sanar da likita da zarar bugu ya canza. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Haɗarin ma ba ya ƙarewa da faɗuwar mabiyiya. Tun shekarun 1970 masu bincike Davidson da Parry suka bayyana ciwon raunin zuciya na masu jego a Zariya, kuma binciken da Farfesa Kamilu Karaye ya jagoranta daga Kano ya tabbatar cewa ya fi yawa a arewa maso yamma, kusan haihuwa 1 cikin 100 a wasu wurare. Sau da yawa ungozoma ce ke fara ganinsa, ranar da aka kawo jariri rigakafi.

Don haka maigida, in mai jego tana haki ko kumburi, kada a ce gajiyar haihuwa ce. A kai ta asibiti a ranar.