Tarken Fim Ɗin Razia Sultan: Yadda Soyayya Ta Danne Tarihi

Gabatarwa

Masu kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa sun san Dharmendra da Hema Malini farin sani. A shekarar 1983 Kamal Amrohi ya haɗa su a fim ɗin Razia Sultan, labarin mace ɗaya tilo da ta taɓa hawa gadon sarautar Daular Delhi. Manufar wannan maƙala ita ce auna yadda fim ɗin ya sarrafa taurarinsa biyu, wato Razia da Jamaluddin Yaƙutu, bawan Habasha da ya zama na hannun damarta.

Abin Da Tarihi Ya Adana

Razia 'yar Sarki Iltutmish ce, ta yi mulki daga 1236 zuwa 1240. Minhaj Siraj, malamin da ya rayu a zamaninta, ya yaba adalcinta da iya jagorancin yaƙi a littafinsa Ɗabaƙatu Nasiri. Ya kuma bayyana cewa ta ajiye lulluɓi, ta sa tufafin sarakuna maza, tana fita bisa giwa jama'a na ganin ta. Yaƙutu kuwa shi ke riƙe da muƙamin Amir Akhur, kwatankwacin Shamaki a fadar Hausa. Kusancinsa da sarauniya ya baƙanta ran manyan fadawa Turkawa, waɗanda ke ganin manyan muƙamai haƙƙinsu ne su kaɗai. A 1240 Altuniya, gwamnan Bathinda, ya yi tawaye, aka kashe Yaƙutu, aka kama Razia. Daga baya ta auri Altuniya, suka yunƙura su ƙwato Delhi, aka ci su da yaƙi, aka kashe ta kusa da Kaithal.

Jigo Da Fitar Da Taurari

Minhaj bai ambaci soyayya tsakanin mutanen biyu ba. Sai bayan kusan shekara ɗari Ibn Baɗuɗa ya rawaito cewa an zarge ta da bawan nata. Wannan zargi shi Amrohi ya ɗauka ya mayar babban jigo. Sakamakon haka, mai kallo ya fi ganin Razia tana begen masoyi fiye da ganin ta tana shari'a ko shirya runduna, rikicin mulki da ƙabilanci kuma ya koma 'yar rakiya.

Yaƙutu ma bai tsira ba. Dharmendra aka shafa wa baƙin kwalliya ya fito a matsayinsa, alhali al'ummar Siddi, jikokin 'yan Afirka, suna zaune a Gujarat da Karnataka. Duk ɗan Afirkan da ya kalli fuskar nan zai ji an ari sunan ɗan'uwansa, an bar mutumin a waje.

Sai dai ba a hana fim ɗin haƙƙinsa. Kiɗan Khayyam da muryar Lata Mangeshkar sun ƙayatar, haka ma ginin fada da suturu. Da dama daga cikinmu ta nan muka fara jin sunan Yaƙutu.

Kammalawa

Marubuci na da 'yancin yi wa tarihi ado, amma ya kamata ya binciki asalin kowane labari kafin ya gina jigo a kansa. Ɗaliban da ke shirin rubuta wasa ko ƙagaggen labari kan magabata su fara da tambayar wa ya faɗi zancen, yaushe, kuma wa ya amfana da shi.