Masu Karanta Ƙasa Daga Sama

A nisan kilomita 705 daga doron ƙasa, tauraron ɗan'adam Landsat 8 yana kewaya duniya, kuma duk kwana 16 sai ya sake bi ta kan wuri guda. Daga abin da yake aikowa, gwani zai faɗa maka inda shuka ta yi kyau, inda fari ya fara cinye makiyaya, da inda tafki ya ja baya, alhali ko takawa can bai yi ba. Wannan shi ne ilimin auna ƙasa daga nesa, kuma ni dai yana cikin ayyukan da suka fi burge ni.

Tushensa haske ne. Rana ta haska ƙasa, kowane abu ya sha wani kaso ya mayar da saura sama, kowa da irin nasa rabon. Na'urar tauraron tana auna abin da ya dawo, launi bayan launi, har da wanda ido ba ya gani, musamman hasken da ke can gaba da ja. Lafiyayyen ganye yakan shanye ja don haɗa abincinsa, ya watso wancan ɓoyayyen hasken da ƙarfi. In ƙishi ya kama shuka, sai tazarar da ke tsakanin biyun ta ragu. Ruwa kuwa shanye ɓoyayyen hasken yake kusan duka, shi ya sa yake fitowa baƙi ƙirin, yashi ya fito fari fat. Da irin wannan lissafi cibiyar AGRHYMET ta Yamai, wadda aka kafa a 1974, take bibiyar damina da makiyaya a yankin Sahel.

Abin da ke saukowa fa lambobi ne. Kowane ɗigo na hoton Landsat yana wakiltar fili mai tsawon mita 30 da faɗin mita 30, kuma cikin ɗigo guda ana iya samun kunyoyin gero, da gawo, da bukka, duk sun cakuɗe. Daga nan aikin gwani yake farawa.

Tafkin Chadi ya isa misali. An harba Landsat na farko a 1972, daidai lokacin da babban fari ya sauka a Sahel, don haka hotunansa sun kama yadda tafkin, wanda ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya rabu biyu, arewa da kudu, ya yi ta ƙanƙancewa. Mai gaggawa zai ƙirga baƙaƙen ɗigogi ya ce iyakar ruwan ke nan. Wanda ya ƙware ya san ruwa mai yawa yana kwance ƙarƙashin ciyayin fadama, waɗanda daga sama suke kama da tudu mai kore. Sai ya koma ga na'urar auna zafi, domin da rana fadamar da ruwa ke ƙarƙashinta ta fi busasshiyar ƙasa sanyi, nan da nan iyakar tafkin ta fito inda ba a zata ba. Wannan natsuwar, ta ƙin yarda da kallon farko, ita ce nake girmamawa a wurinsu.

Gajimaren damina yakan rufe ƙasa, ƙurar hunturu ta dusashe hoto. Sai a ɗauko na radar, irin na Sentinel-1 da Turai ta fara harbawa a 2014, wanda ke aika nasa sigina ya saurari dawowarsa, dare da rana, ko da hadari ya haɗu. Ruwa mai kwance yakan karkatar da siginar gefe, don haka ambaliya tana bayyana a fili.

Duk da haka, gero da dawa sukan yi kama daga sama. Dole masani ya sa takalmi ya shiga gona, ya ɗauki lambar wurin da GPS, ya tambayi manomi abin da ya shuka da lokacin da ya shuka, sannan ya koya wa kwamfuta bambancin. Nijeriya ma ta samu nata tauraron na wannan aiki, NigeriaSat-1, a 2003. Tun 2008 kuma Amurka ta buɗe rumbun hotunan Landsat kyauta, ta yadda ɗalibi a Kano ko Maraɗi zai iya sauko da hotunan garinsu na shekaru hamsin ya jera, ya auna gonaki nawa gine-gine suka cinye.