Daga Sakkwato Zuwa Detroit: Kwatanci Tsakanin Waƙoƙin Mdou Moctar na Farko da na Baya

1.0 Gabatarwa

Akwai wata daɗaɗɗiyar muhawara tsakanin masu sha'awar kiɗa da waƙa, wato ko mawaƙi ya fi daɗin saurare a lokacin da yake neman suna, ko kuwa bayan ya same shi. An sha yin ta a kan Alhaji Mamman Shata da sauran makaɗanmu. A wannan ɗan sharhi za a ɗora wannan tambaya ne a kan Mahamadou Souleymane, wanda aka fi sani da Mdou Moctar, makaɗin jita daga Jamhuriyar Nijar, tare da ƙungiyarsa. Ko da yake da Buzanci yake waƙa, mai nazarin Hausa yana da ruwa da tsaki a cikin lamarinsa, domin a Sakkwato aka ɗauki faifansa na farko, kuma Hausa ce harshen kasuwa a Agadas, inda ya yi suna. Za a auna ayyukan nasa da ma'aunin da aka saba auna waƙar baka da shi, musamman jigo da salo da dangantakar murya da kiɗa.

2.0 Zango na Farko: 2008 Zuwa 2017

Mdou ya taso ne a yankin Abalak da Cintabaradan cikin jihar Tawa. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, tsirkiyarta kuwa wayar birkin keke ce. Bahago ne, kuma ya yi koyi da Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga cikin magabatan kiɗan jita na Abzinawa.

A shekarar 2008 ya ɗauki faifan Anar a Sakkwato. Duk wanda ya saurare shi zai ji ƙamshin waƙoƙin finafinan Hausa na wancan lokaci: gangar na'ura ce ke riƙe da kari, an kuma bi da muryar ta cikin na'urar tace murya har ta yi siriri tana rawa. Waƙoƙin gajeru ne, jigonsu mafi rinjaye shi ne soyayya da bege. Ba ta hannun kamfani suka yaɗu ba, daga waya zuwa waya suka riƙa tafiya ta katin memori, har suka kai Mali da Muritaniya. Ta haka ne waƙar Tahoultine ta shiga wani kundi na waƙoƙin wayoyin Sahara da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fitar a 2011. Faifan Afelan na 2013 an ɗauke shi ne a Cintabaradan, ana jin tafi da hayaniyar jama'a a ciki. Shi kuwa Sousoume Tamachek na 2017 aiki ne na natsuwa, wanda jitar da ba ta lantarki ba ta fi rinjaye a cikinsa.

Abin da ya haɗa mafi yawan waƙoƙin wannan zango shi ne, murya ce jagora, kiɗa yana biye. Wannan tsari sananne ne gare mu. Kalangun Shata, duk da zaƙinsu, jiran bakinsa suke yi, haka ma kuntigin Ɗanmaraya Jos shimfiɗa yake yi wa magana.

3.0 Zango na Biyu: 2019 Zuwa 2025

Faifan Ilana, wanda aka ɗauka a birnin Detroit aka fitar a 2019, shi ne mararraba. Daga nan sunan Mdou Moctar ya zama na ƙungiya ta mutum huɗu: shi kansa, da Ahmoudou Madassane mai jitar rakiya, da Souleymane Ibrahim mai ganguna, da Mikey Coltun, Ba'amurke mai jita mai kauri, wanda kuma ya zama mai tsara ɗaukar waƙoƙinsu. Sai Afrique Victime a 2021 ƙarƙashin kamfanin Matador, da Funeral for Justice a 2024.

Sauye-sauye uku ne suka fito fili. Na farko, tsawo da zubi: waƙa takan fara a hankali, ta riƙa ƙara sauri har ta kai kusan minti bakwai ko fiye, kamar yadda ake ji a waƙar Tarhatazed da kuma Afrique Victime. Na biyu, matsayin jita: bayan mawaƙi ya kawo ɗiya biyu ko uku, sai ya yi shiru ya bar jita ta ci gaba da bayani, ta yadda ita ce ta koma jagora, muryoyi suka koma 'yan amshi. Na uku, jigo: an tashi daga bege an koma kan zaluncin da ake yi wa Afirka, da hannun Faransa a cikin arzikin Nijar, da barazanar da ke fuskantar harshen Buzanci, wanda waƙar Imouhar ta yi kira da a riƙe shi.

Wannan jigo yana da tushe. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, aka kuma shafe shekaru ana kai shi ya haskaka biranen Turai, alhali Nijar ta daɗe tana sayen mafi yawan wutarta daga Nijeriya. Mutumin Maiduguri, wanda ya kwana cikin duhu wata da watanni bayan an karya turakun wuta a Janairun 2021, ba ya bukatar tafinta kafin ya gane wannan kuka.

4.0 Riba da Hasara

Masu fifita zango na farko sukan ce shi ne na asali, na baya kuwa kwaikwayon Turawa ne. Wannan hujja ba ta da ƙwari. Faifan Anar kansa aro ne daga ɗakunan ɗaukar waƙa na ƙasar Hausa, su kuma sun aro daga Indiya. Haka kuma ƙarar jita da saurin ganga da ake ji a Ilana sun fi kusa da abin da ake kaɗawa a bukukuwan aure na Agadas. Gaskiya ne Mdou ya ɗauki dabarar bugun tsirkiya da yatsu irin ta Eddie Van Halen, amma karin da yake ɗora ta a kai na gida ne. Da za a yi gardamar asali, watakila na baya ne zai ci.

Inda masu wannan ra'ayi suke da gaskiya shi ne ta fuskar magana. A daidai lokacin da kalmomin mawaƙin suka ƙara nauyi, a lokacin ne kiɗa ya fara danne su. A cikin Funeral for Justice akwai wuraren da ganguna da jita suke cika kunne, har saƙon ya koma sai an karanta fassararsa a takarda. Ga shi kuma mafi yawan masu sayen faifan ba su jin Buzanci, saboda haka fushin suke ji, dalilin fushin kuwa ya wuce su. Waƙar Sousoume Tamachek ta isa misali, tun da an yi ta a 2017 aka sake ta a 2024. Ta farko rarrashi ce mai shiga zuciya sannu a hankali. Ta biyu gangami ce mai tayar da tsikar jiki, sai dai taushin nan da ya dace da ma'anarta ya ragu.

Wani abin lura shi ne bambancin launi a cikin faifai guda. Afrique Victime ya haɗa zafi da sanyi, domin kusa da waƙoƙi masu ƙara akwai Tala Tannam, waƙar soyayya mai laushi wadda ke ba kunne hutu. Funeral for Justice ya fi shi ƙarfi, amma ya gaza shi wajen wannan sassauci, kuma ko zuma ce aka yi ta sha babu ruwa, sai ta gundura.

Ƙaddara ta kawo gwaji mai kyau. Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, wanda ya kifar da Shugaba Mohamed Bazoum, ya riski ƙungiyar tana Amurka, aka rufe iyakoki, 'yan Nijar ɗin cikinta suka kasa komawa gida. A wannan zama suka sake ɗaukar waƙoƙin Funeral for Justice da kayan kiɗa marasa ƙara, aka fitar da su a 2025 da sunan Tears of Injustice. A nan murya ta karɓi jagorancinta, aka kuma ga cewa waƙoƙin suna iya tsayawa da ƙafarsu ko babu lantarki.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ana iya cewa zango na biyu ya fi na farko ƙwarewar hannu da faɗin jigo da haɗin kan makaɗa, shi kuwa na farko ya fi kusanci da mai saurare da kuma girmama kalma. A ra'ayin wannan sharhi, Afrique Victime ne ƙololuwa, domin a nan ne kiɗa da magana suka yi kunnen doki. Darasin da ke ciki ga matasan mawaƙanmu na Hausa, waɗanda su ma na'ura ta shiga tsakaninsu da masu sauraro, shi ne su riƙa tambayar kansu ko waƙarsu za ta rayu idan aka ɗauke wuta. Wadda ta ci wannan jarrabawa, duk kayan kiɗan da aka ƙara mata ado ne.