Babin Ƙarshe a Littattafan Asalin Halitta

Littattafan da masana sararin samaniya ke rubuta wa mutanen gari kusan duk hanya ɗaya suke bi. Sukan fara da abin da aka auna: yadda Edwin Hubble ya nuna a 1929 cewa gungun taurari masu nisa suna ƙara nisantar mu, da yadda Penzias da Wilson suka ba da labari a 1965 cewa sun tsinkayi ragowar zafin farkon halitta yana zuwa daga kowace kusurwa ta sama. A nan marubuci yana cikin gonarsa, babu laifi a amince masa. Damuwata tana babin ƙarshe, inda yakan tsallaka daga awo zuwa aƙida ba tare da ya sauya murya ba, mai karatu kuwa bai san an shiga wata gonar ba.

Dubi Stephen Hawking. Littafinsa na 1988, A Brief History of Time, ya rufe da ambaton Ubangiji, har wasu masu addini suka ɗauka nasu ne. A 2010, cikin The Grand Design da ya rubuta tare da Leonard Mlodinow, sai ya ce dokokin kimiyya sun wadatar, ba sai an kawo Mahalicci cikin bayani ba. Tsakanin shekarun nan babu madubin hangen taurari da ya hango abin da zai yanke wannan shari'a. Ra'ayi ne na falsafa, kuma yana da ikon faɗinsa. Abin da na ƙi shi ne a sayar wa wanda bai iya lissafin ba kamar sakamakon bincike. Haka Lawrence Krauss ya yi a 2012, da ya ce halitta na iya fitowa daga babu, alhali ya bar dokokin da suka fitar da ita ba tare da ya faɗi inda suka samo asali ba.

Masu imani ma ba su tsira ba. Georges Lemaître, wanda ya kawo bayanin faɗaɗar sararin samaniya tun 1927, limamin Katolika ne ɗan Beljiyam. Da Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi a 1951 yana nuna binciken ya gaskata labarin halitta, Lemaître bai ji daɗi ba ko kaɗan. Mutum ne mai riƙo da addininsa, amma ya san nazarin kimiyya abu ne da ake gyarawa, bai yarda a jingina imani da shi ba. A ganina cikin duk waɗannan mutane shi ya fi gane girman abubuwan biyu.

Salon haɗa addini da kimiyya da ya iso mana ta wa'azi da Facebook ya fi kama da na Maurice Bucaille, likitan Faransa da littafinsa na 1976 ya yaɗu a ƙasashen Musulmi. A ɗauko aya ta 30 a Suratul Anbiya ko ta 47 a Zariyat, a ajiye kusa da zancen Big Bang, wato bayanin masana kan farkon halitta, a ce ga hujja. Niyyar mai kyau ce, kuma tana sa matasa ɗaga kai su dubi sama. Sai dai masanin taurari Musulmi ɗan Aljeriya, Nidhal Guessoum, ya daɗe yana jan kunne cewa hanyar tana cutar da tafsiri, tana kuma cutar da kimiyya. Ina tare da shi, domin lissafin masana yana motsi. Alƙaluman Hubble na farko sun ba halitta shekaru kusan biliyan 2, ƙasa da shekarun ƙasar da muke takawa. Yau ana cewa biliyan 13.8. Kafin 1998 yawancin masana sun ɗauka faɗaɗar tana rage gudu, sai awo ya nuna ƙara gudu take yi, kuma har yanzu ana gardama kan abin da ke tura ta.