Kundin Waƙa a Hannun Mai Turi

Duk wanda ya zauna a ƙasar Sundimina, ko kuwa ya saba kai da kawowa tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, ya san cewa waƙoƙin begen nan na zamani, waɗanda samari ke rerawa da tattausar murya bisa kiɗan fiyano, sun riga sun zauna da gindinsu a cikin jama'a, har ya zamana ba a yin biki a watse, ba a cin kasuwa a tashi, ba a hawa babur ɗin haya a sauka, face kunne ya yi karo da ɗaya daga cikinsu. Ba nufina ba ne in kutsa cikin mas'alar halaccin kiɗa ko haramcinsa, gama wannan fage ne na malamai, kuma saɓaninsu a kai tsoho ne, tun da Imamu Gazali da kansa sai da ya keɓe masa babi guda a cikin Ihya'u. Abin da ya dame ni bai kai wannan girma ba, amma a ganina ya isa a tsaya a kansa, shi ne kundi, wanda 'yan situdiyo ke ce wa albam, watau waƙoƙi goma ko goma sha biyu da mawaƙi yakan tsara wuri guda, ya raɗa musu suna ɗaya, ya fitar da su rana ɗaya. Kundin nan yana neman ɓacewa daga waƙar Hausa tun bai gama tsayawa da ƙafafunsa ba, kuma mu mutanen karkara muna da hannu a ciki, ko da yake ba da niyya ba.

Asalinsa daga injiniyoyi ne kafin ya zo ga mawaƙa. Faifan garmaho na da ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti uku ko huɗu a kowane gefe, sai a 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da faifai mai dogon zango, wanda gefe guda ke cin fiye da minti ashirin. Shekara guda bayan haka mujallar Billboard ta daina kiran waƙoƙin baƙaƙen Amurka da sunan launin fatarsu, ta ba su laƙabin da a yau ake taƙaitawa da R&B, wanda shi ne kakan wannan salo mai jan murya da sanyin kiɗa da samarinmu ke kwaikwayo, sun sani ko ba su sani ba. Da fari kamfanoni kan sa waƙa ɗaya ko biyu masu kasuwa, su cike sauran faifan da abin da ya samu. A 1971 ne Marvin Gaye ya fitar da What's Going On, waƙoƙi tara waɗanda galibinsu kowace ke zubawa cikin ta gabanta, a kan yaƙin Biyetnam da talauci da halin da sojan da ya komo gida ke tarar da ƙasarsa, alhali Berry Gordy, mai kamfanin Motown, tun farko ƙin yarda ya yi a saki waƙar da kundin ya ci sunanta. A watan Disamba na 2013 kuma, lokacin da intanet ta riga ta koya wa mutane sayen waƙa ɗai-ɗai, Beyoncé ta saki kundinta ba tare da wata sanarwa ba, ta kuma sharɗanta cewa a kwanakin farko mai so sai dai ya saye shi ɗungurungum. Manufar mutanen nan biyu ɗaya ce, a saurari aikinsu bisa tartibin da suka shirya shi.

Mu kuwa ba sai an koya mana darajar tartibi daga ƙetare ba, domin malamanmu sun daɗe da sanin diwani. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya tattara ƙasidunsa a cikin Tazyinul Waraƙati, ya jera su bisa lokaci, ya kawo wa kowace sababin yinta, har littafin ya zama tarihin jihadi ga mai karanta shi daga muƙaddima zuwa hatima, abin da wanda ya tsinci ƙasida guda a takarda ba zai taɓa samu ba. Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi ita ma waƙa ce bayan waƙa, kuma almajirin da ke rera ta a ƙofar gida ya san wadda ke gaba da wadda ke baya. Bege ma ba baƙo ba ne a adabinmu: ƙasidar da Ka'abu bin Zuhairu ya karanta a gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ambaton rabuwa da Su'adu ta buɗe, kuma a nan Jigawa marigayi Haruna Uji na Haɗejia ya shekara da shekaru yana yi wa mata waƙar ƙauna da gurminsa, manya suna saurare. Sai dai makaɗan baka, irin su Shata da Ɗanƙwairo da Barmani Coge, ba su san kundi ba. Buki ko fada ko gidan rediyo ke jawo waƙa, masu kaset kuma su yanka ta daidai tsawon zarensu. Saboda haka kundin mawaƙin Hausa ɗan jiya ne, tare da fim ya zo.

Wajen ƙarshen ƙarnin da ya shige, da fiyanon Yamaha ya shiga situdiyoyin Kano, kuma fim irin su Sangaya suka nuna cewa waƙa ce ke sayar da fim, sai aka sami sana'a sabuwa fil, wadda ake kira nanaye. Mawaƙi yakan zo da baitocinsa a littafi ko a ka, ya rera wa mai kiɗa karin, mai kiɗa ya laluba a fiyano har su daidaita, a ɗauki murya, a kira yarinya ta yi amshi ko ta karɓi baitin mace, na'ura ta goge abin da maƙogwaro ya kasa, a biya kuɗin kiɗa waƙa-waƙa. Ƙamshin Indiya ne ya rinjaya da farko, daga baya kiɗan Legas da taushin Amurka suka shigo suka gauraya. Idan waƙoƙi suka taru, masu shirya fim su sayi wasu, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai su buga sauran a faifai da hoton mawaƙi a bango, a loda wa motocin da ke bin hanyar Wudil, kafin mako ya zagayo ya iso Birnin Kudu. A wannan zamani ne irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef suka yi suna, har ya zama ana jiran kundin Nura kamar yadda ake jiran wani lokaci na shekara, kuma saurayin da ya sayi faifan, da yake kuɗinsa ya sa, yakan saurare shi tun daga waƙar farko har ta ƙarshe, ya maimaita, har wadda ba ta burge shi ba ran farko ta zama ita ce abar sonsa bayan wata guda.

Kundin wancan lokaci abu ne mai jiki, ana iya riƙe shi, ana iya kama shi. Hukumar tace fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta nuna haka a 2007 sa'ad da kundin bidiyon Adam A. Zango mai suna Bahaushiya ya kai shi kurkuku na wata uku, bisa tuhumar fitar da shi ba tare da tacewa ba. Ko mutum ya goyi bayan hukuncin ko ya ƙi shi, ya dai ga cewa an ɗauki kundi da nauyi.

Yau kuwa mawaƙi yakan ɗora aikinsa a YouTube ko Audiomack da tsakar dare, ya yi shela a Instagram, mutanen birni masu data su saurara. A wurinmu, inda data ke da tsada kuma wutar lantarki sai an ga dama, waƙa ba ta nan take biyowa ba. Ta rumfar mai cajin waya take shigowa, wurin yaron nan mai kwamfuta ko babbar waya da ake kira mai turi. Shi ne ya sauko da kundin, shi ne ya saurari farkon kowace waƙa na ɗan lokaci kaɗan, ya zaɓi biyu ko uku da ya ga za su shiga, ya zuba su cikin jakar da ya rubuta wa “sababbi” tare da na mutum ashirin, da wa'azi, da barkwanci, da sautin fim ɗin Indiya mai fassara. Mai waya ya miƙa memori ya ce a cika masa, ya biya abin da ya sauƙaƙa, wanda ko anini daga ciki ba ya komawa ga mawaƙi. Daga nan waƙar ta bi Bluetooth da Xender daga waya zuwa waya, sunan kundin ya faɗi a hanya, wani lokaci har sunan mai waƙar, ta isa gidan biki inda mai sautin da aka yi haya zai yanke ta a tsakiya da zarar ya ga rawa ta yi sanyi. Mawaƙi ya ɗinka riga sukutum, mu kuwa aljihu da hannu ɗaya suka iso mana. Ban ga laifin mai turi ba. Neman halalinsa yake yi, kuma ba don shi ba da yarinyar da ke ƙauyen Gwaram ba ta ji abin da ake ji a Kano ba sai ya tsufa. Amma haƙiƙa shi ne alƙalin waƙa a ƙasar nan, alƙali mai yanke hukunci kafin mai ƙara ya gama sallama.

Mawaƙa sun lura, kuma ba wawaye ba ne. A 2020, lokacin da annobar korona ta kulle mutane a gidaje, waƙa guda ta Hamisu Breaker, Jaruma, ta game ƙasar Hausa ta hanyar gajerun bidiyon da matan aure suka riƙa ɗauka suna yi wa mazajensu rawa, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce mai yawa, ya kuma ɗaga mai waƙar fiye da yadda kundi goma za su ɗaga shi. Waƙar tana da daɗi, ban musa ba. Sai dai darasin da na baya suka ɗauka daga gare ta shi ne a nemi rabin mintin da TikTok zai ɗauka, a sa duk ƙarfi a nan. Illar wannan ta bayyana a cikin ginin waƙar kanta, domin amshi ya komo gaba, ya yi kitse, baitoci sun rame sun zama ciko, ma'ana ba ta tafiya daga ɗango zuwa ɗango, sai dai a yi ta kewaya zuciya da hawaye da rabuwa har kiɗa ya ƙare. Ga kuma mas'alar harshe, wadda ta fi ci mini rai. Mawaƙin Amurka yana iya jan gaɓa ɗaya ya hau da ita ya sauko yadda ya so, harshensa ya yarda masa; Hausa kuwa tana rarrabe dogon wasali da gajere, tana rarrabe hawan murya da saukarta, kuma a kan wannan nauyin gaɓoɓi ne su Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu suka auna baitocinsu. Wanda ya ari jan muryar bai auna ta da ma'aunin harshensa ba, sai ka ji kalma ta karye a bakinsa, dattijo ya tambayi jikansa da wane yare ake waƙar. Gyaran irin wannan aibi yana bukatar zama da maimaici da kunnen mai gaya maka gaskiya, abubuwan da mai gaggawar sakin waƙa kowane mako ba shi da su.

Wajibi ne in yi adalci. Da yawa daga cikin abin da aka sayar mana da sunan kundi a zamanin faifai tari ne kawai, ba shi da farko ba shi da ƙarshe, an haɗa shi ne don ɗan kasuwa ya ce faifai bai cika ba. Wanda ya ce mai turi ya hutar da shi daga wannan, ya faɗi gaskiya. Hanyar yau kuma ta buɗe ƙofofin da a da suke rufe, har Namenj ya sami shiga shirin emPawa na Mr Eazi yana waƙa da Hausa, mutanen kudu suna ji. Kuma kowa ya san abincin mawaƙi yanzu a gidan biki yake, da wurin 'yan siyasa da masu sarauta, ba a cinikin waƙar soyayya ba. To, amma wannan hujja tawa ce, ba ta masu ja da ni ba. Tun da waƙar kasuwa tana da mai biya, waƙar siyasa tana da mai biya, kundi ne kaɗai wurin da ya rage wa mawaƙi ya faɗi abin da ba wanda ya aike shi: waƙar uwa, waƙar mutuwar aure bayan an gama shagali, waƙar saurayin da ya tafi cirani Legas ko Fatakwal ya bar amarya da ciki, waƙa mai nauyin da ba ta rawuwa. Irin waɗannan ba sa rayuwa su kaɗai a jakar “sababbi”. Sai sun jingina da 'yan'uwansu masu farin jini, mai sauraro ya zo don wata ya tarar da su. Ƙasar Birnin Kudu wadda duwatsunta masu amo da zanen shanunta na Dutsen Habude da Dutsen Mesa suka jawo Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu tun shekarun 1950 ba za a ce mutanenta ba su da haƙurin sauraro ba. Abin da aka miƙo musu ne guntu.

Ba na jin hukuma ce za ta gyara wannan, kuma ba na roƙon ta. Gidajen rediyon Dutse suna iya keɓe sa'a guda a mako su sa kundi ɗaya daga farko har ƙarshe, su kira mai shi ya faɗi dalilin da ya sa wannan ta riga waccan, kamar yadda Malam Abdullahi ya yi wa ƙasidunsa ta'aliƙi. Mawaƙan da ke da ƙarfi suna iya kai wa masu turin manyan kasuwanni irin ta Sara kundin da kansu, cikakke, a jaka mai sunansa, tun da ko sun kai ko ba su kai ba zai isa can, gara ya isa da kamanninsa. Mafi sauƙi duka, wanda ba ya cin ko kwabo, shi ne mawaƙi ya sa lamba a gaban sunan kowace waƙa kafin ya sake ta, domin ƙananan wayoyin da ke hannun mutanenmu bisa harafin farko suke jera abin da aka tura musu, har sau da yawa waƙar bankwana ce ke buɗe kundin a kunnen mutumin Sundimina, ta gaisuwa kuma ta zo masa daga ƙarshe.