Pretty Cure a Ma'aunin Tatsuniyar 'Yar Bora

Wannan 'yar maƙala ta ɗora fim ɗin zane na Pretty Cure, wanda kamfanin Toei na ƙasar Japan ya fara fitarwa a 1 ga Fabrairun 2004, a kan ma'aunin tatsuniya, ganin yadda wayar salula ke kai irinsa hannun yaran Yola da Jimeta.

A tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa, yarinya ba ta samun taimakon ɓoye sai ta cuɗa bayan tsohuwa, ta kuma kame bakinta a kan abubuwan mamakin da ta tarar a hanya. Wato da ladabi take biya. Su kuwa Nagisa da Honoka, taurarin kashin farko, rikiɗa suke yi su dambaci mugu da hannunsu, ba su jiran ɗan sarki. Nan kam sun sha gaban 'yar bora.

Sai dai na'urar rikiɗar tasu, mai siffar waya, ita ce abin wasan da kamfanin Bandai ya riƙa sayarwa, kuma kusan kowace shekara akan sauya taurari tare da kayansu. Ƙwan da tsohuwa ta ba 'yar bora ba shi da rumfa a kasuwar Jimeta, alhali na'urar Nagisa an tsara ta ne don iyaye su saya.