Scribble Da 'Yan Uwanta: Rubutun Ake Zagi Ko Mai Rubutun?

Aikin rediyo aikin gaggawa ne. Baƙo na magana a gabanka, agogo na tafiya, kai kuma kana watsa kalmomi a gefen takarda don kada tambaya ta gaba ta kuɓuce maka. In shiri ya ƙare, ko ni kaina sai na ƙura wa takardar ido kafin in gane abin da na rubuta. A lakwal malamanmu kan kira irin wannan gribouillage, ko su ce ƙafafun ƙuda. Da na shiga koyon Ingilishi da girmana, sai na tarar harshen ya tara kalmomi birjik don wannan abu guda, ƙaramin ƙamus ɗina kuma ya jera su kamar duk ma'anarsu ɗaya. Ba ɗaya ba ce, kuma a bambancin nan rigimar take.

Wasu ba su da wata illa. Jot na nufin rubuta 'yar kalma da sauri don kada a manta, asalinta daga iota, mafi ƙanƙantar harafi a Girkanci. Scrawl kamannin rubutun kawai take kallo: manyan baƙaƙe a warwatse, kamar sa hannun mai sauri ko abin da yara ke yi wa bango da gawayi. Amurkawa na cewa chicken scratch, wato tonon kaza, barkwancin da ya tsufa ƙwarai, don Plautus, marubucin wasan kwaikwayo na Rum, ya yi shi a kan wata wasiƙa a wasansa Pseudolus, kusan shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa. Mu ma muna da rubutun tsutsa da jagwalgwalo. Duk waɗannan hannu suke yi wa dariya.

Scribble ce mai dafi. Ta shiga Ingilishi a ƙarni na 15 daga Latin scribillare, wadda ta fito daga scribere, wato rubutawa. Tun daga tushe ƙanƙantarwa ce, kamar ka ce ɗan rubuce-rubucen banza. Da tafiya ta yi tafiya sai ta bar hannu ta koma kan abin da aka rubuta, daga nan ta haye kan mutumin. Scribbler shi ne marubucin da ba a ɗauke shi a bakin komai ba. A 1714 Jonathan Swift da Alexander Pope da abokansu a Landan suka ƙirƙiro wani malamin ƙarya mai suna Martinus Scriblerus, suna yi wa masu ilimin bogi shaguɓe da shi. To, wannan da sauƙi, raha ce tsakanin masana.

Na Nathaniel Hawthorne kuwa ba raha ba ne. A 1855, yana jakadancin Amurka a Liverpool, ya aika wa mai buga littattafansa William Ticknor wasiƙa yana ƙorafin wai gungun mata masu scribbling sun mamaye ƙasarsa. Abin da ya ci masa rai shi ne The Lamplighter na Maria Cummins, wanda ya fito a 1854 ya yi kasuwar da nasa littattafan ba su taɓa yi ba. Ku lura da kyau: littafin nan bugagge ne, da baƙaƙen inji iri ɗaya da na The Scarlet Letter. Ba rubutun hannunta Hawthorne yake aibatawa ba. Ya ari kalmar da ake faɗa wa yaro mai ɓata takarda ya ɗora wa matan da suka fi shi masu karatu. Ba na musun cewa littafinsa ya fi nata ƙarko, ana karanta shi har gobe. Amma kalmar ba ta kawo hujja ko ɗaya a kan salo ko tsarin labari ba, ta hutar da shi wahalar sharhi ne kawai. Duk wanda ya bi muhawarar shekarun 1990 a kan littattafan soyayya, lokacin da aka laƙaba musu suna Adabin Kasuwar Kano, ya san wannan dabarar.

Haka abin yake a zane. Mai zane sananne ya ja layuka cikin minti biyar, a ce sketch, a sa a gilashi a rataye. Wanda ba a sani ba ya ja nasa cikin minti biyar ɗin, a ce scribble.

Doodle ce kaɗai ta tsira, kuma labarinta na burge ni. A ƙarni na 17 wawa take nufi, shi ya sa sojojin Ingila suka riƙa tsokanar Amurkawa da waƙar Yankee Doodle. Ma'anarta ta yanzu, zanen da hannu ke yi shi kaɗai alhali hankali na wani wuri, ta bazu ne a shekarun 1930. A fim ɗin Frank Capra na 1936, Mr. Deeds Goes to Town, ana tuhumar jarumin da taɓin hankali, sai ya nuna wa kotu cewa likitan da ya zo ba da shaida a kansa ma yana 'yan zane-zanensa a takarda in yana tunani. Daga baya kamfanin Google ya ɗauki kalmar ya sa wa zanen da yake sauya tambarinsa da shi. Wawan jiya ya zama ado.

Kwanan baya ina fassara wata hira daga Ingilishi, wani mai sharhi ya kira aikin wata marubuciya scribbling. Da farko na rubuta "rubutun gaggawa". Sai na tuna matar ta ce shekara huɗu ta yi a kan littafin. Na soke, na gaya wa masu sauraro cewa ya raina rubutunta, bai kuma faɗi dalili ba.